Uludag ko Erjiyes: Inda Ya Dace Ɗalibinmu Ya Kai Kuɗin Yini Ɗaya a Kan Dusar Ƙanƙara

Da zarar hunturu ya kankama, aka gama kai riɗi da zoɓo kasuwa, akwai wata buƙata da ta fara yawaita a ƙauyukanmu na yankin Gumel da Maigatari, wadda iyayenmu ba su san ta ba a shekarun baya. Yaro yana karatu a Turkiyya, sai ya bugo waya ya ce abokan karatunsa sun shirya zuwa dutse wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, yana neman a ɗan ƙara masa wani abu a kan kuɗin wata. Uba ya saurara, ya ce to, ya kashe waya, alhali bai san ko abin da aka roƙe shi na kirki ba ne, ko kuwa hanyar karya ƙafa ce a ƙasar da ba dangin iya ba na baba. Da yake a can na yi karatu kafin in dawo gida aikin malamin gona, wannan tambaya takan biyo ni har zaure, kuma kusan kullum sunaye biyu ne suke fitowa: dutsen Uludag da ke saman birnin Bursa, da dutsen Erjiyes na Kayseri, wanda a allunan hanya ake rubuta shi Erciyes.

Ba na cikin masu cewa a hana yaro. Wanda ya tashi inda ba a san ƙanƙara ba sai wadda takan faɗo da ruwan sama ta ɓata yabanya, ya kuma sami kansa a ƙasar da duwatsu ke yin fari fat wata uku zuwa huɗu, ya cancanci ya je ya gani da idonsa, ya taɓa da hannunsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda ake yin zaɓin. Yara sukan zaɓi dutse ne saboda girmansa da hotunan da suka gani a Instagram, suna cewa wancan yana da hanyoyin zamiya kilomita kaza da motocin igiya kaza, wato ƙananan ɗakunan da ke tafiya a rataye jikin igiyar ƙarfe suna kai mutane saman dutse, alhali wanda bai taɓa ɗaura allunan zamiya a ƙafarsa ba, duk yininsa na farko zai ƙare ne a wani ɗan gangare da bai wuce 'yan ɗaruruwan mita ba. Wanda ya je Dawanau sayen kwano ɗaya na gero, yawan rumbunan kasuwar bai ƙara masa ko tsaba ba. Abin da ya kamata a auna shi ne awa nawa yaron zai samu a kan dusar bayan an cire lokacin hanya da na layi, ko jikinsa zai ɗauki tsayin dutsen, da kuma ko kuɗin zai kai ga biyan mai koyarwa bayan an fitar da na mota.

Uludag ya fi suna, kuma dalilin a fili yake: yana kusa da Istanbul. Ƙololuwarsa tana mita 2,543 daga doron teku, amma otal-otal da farkon hanyoyin zamiya suna wajen mita 1,800 ne. Daga cikin birnin Bursa ana hawa ta hanya biyu. Akwai titi mai lanƙwashe-lanƙwashe na kimanin kilomita 35, wanda idan dusa ta zuba ba a barin mota ta bi sai da tayar hunturu ko sarƙa a taya. Akwai kuma motar igiya, wadda aka fara buɗewa a 1963 aka sabunta ta shekarun baya, mai tsawon kusan kilomita 9, tana tashi daga unguwar Teferruc ta ratsa Sarialan ta sauke mutum a wajen otal-otal cikin ƙasa da rabin awa. Wannan hawan kaɗai abin gani ne. Mutum zai bar gari ba dusa ko ɗigo, ya ga rufin gidaje suna ƙanƙancewa a ƙarƙashinsa, sannan itatuwa su fara ɗaukar fari a rassansu kaɗan-kaɗan, har a kai inda daji ya lulluɓe gaba ɗaya. Ga wanda burinsa ya ga dusar ƙanƙara ya aiko da hoto gida, a nan kuɗinsa ya riga ya biya.

Matsalar Uludag tana fitowa ne idan aka zauna aka ƙirga awanni. Ɗalibin da ke Istanbul zai fito tun kafin asuba, ya shiga jirgin ruwa na kimanin awa biyu zuwa Mudanya, garin bakin teku da ke kusa da Bursa, ko motar safa ta bi gadar Osmangazi da aka buɗe a 2016, sannan ya ratsa birnin Bursa zuwa tashar motar igiya, ya bi layin tikiti, ya hau, ya sake bin layin hayar kaya. Idan komai ya tafi daidai, da wuya ya ɗora ƙafa a kan allo kafin sha ɗaya na safe, kuma na'urorin da ke ɗaga mutane zuwa saman gangare sukan tsaya wajen biyar na yamma ko kafin haka. Cikin abin da ya rage ne zai yi sallah, ya ci abinci, ya huta. A ranakun Asabar da Lahadi kuwa, da makonni biyun hutun tsakiyar shekara na makarantun Turkiyya da ke zuwa a ƙarshen Janairu, jama'ar Istanbul ce take juyewa a kan dutsen, ga masu yawon buɗe ido daga ƙasashen Larabawa, har layi ya cinye rabin abin da ya rage. Akwai kuma wata iska mai ƙarfi daga kudu maso yamma da mutanen yankin ke kira lodos, wadda idan ta taso takan sa a dakatar da motar igiya, a soke tashin jiragen ruwa, ta kuma jiƙe dusar ta yi nauyi. Hazo ma yakan rufe dutsen har mutum ya kasa ganin wanda ke gabansa. Sai dai a nan itatuwa suna taimako, domin suna tare iska a gangaren ƙasa inda sababbi suke koyo.

Erjiyes wata duniya ce dabam. Tsohon dutse ne mai aman wuta da ya daɗe da yin shiru, tsayinsa mita 3,917, yana tsaye shi kaɗai a tsakiyar ƙasar, kimanin kilomita 25 daga birnin Kayseri. Ana shigarsa ta ƙofofi huɗu, Tekir da Hacilar da Hisarcik da Develi, kuma hanyoyin zamiyarsa sun haura kilomita 100, wato sun ninka na Uludag fiye da sau biyu. Wani kamfani na hukumar birnin Kayseri ne yake gudanar da wurin gaba ɗaya, don haka kati ɗaya yake aiki a ko'ina, abin da a Uludag sai mutum ya tambaya tukuna ko katin da ya saya ya shafi na'urar da yake tsaye a gabanta. Gangaren Erjiyes yana da faɗi, ba itatuwa, dusarsa busasshiya ce saboda nisansa da teku, kuma ga sabon shiga faɗin wuri rahama ne, domin zai faɗi ba tare da ya faɗa kan wani ba. Rashin itatuwan kuma shi ne aibinsa, don idan iska ta taso ba abin da zai tare ta, sai a rufe na'urorin sama, na ƙasa su ci gaba da aiki mutane suna karkarwa.

Tazara ce take raba gardama a nan. Daga Istanbul zuwa Kayseri ya haura kilomita 750, tafiyar dare guda ce a motar safa, ko awa ɗaya da rabi a jirgin sama. Wanda ya sauka daga motar dare bai runtsa ba, ya wuce kai tsaye zuwa dutse, ya yi wa kansa ganganci, domin gajiyayyar ƙafa ita ce take kawo karaya. Ke nan Erjiyes ga ɗan Istanbul tafiyar kwana biyu ce, da kuɗin masauki a ciki. Amma ga ɗalibin da ke Kayseri ko garuruwan kusa da ita, babu ma abin kwatantawa: zai yi sallar asuba a ɗakinsa, ya karya kumallo, ya hau motar haya ta birni, kafin tara yana ƙofar Tekir. Haka ɗalibin Bursa yake da Uludag. Ko ta fuskar kuɗi, abin da aka daɗe da sani shi ne Uludag ya fi tsada, tun daga kofin shayi har zuwa hayar kaya da kuɗin darasi, domin wurin shaƙatawar masu hannu da shuni na Istanbul ne. Sau da yawa rarar da ake samu a Erjiyes takan rage raɗaɗin kuɗin masauki, musamman idan aka kwana a cikin birnin Kayseri maimakon otal ɗin kan dutse. Kowanne aka zaɓa, yaro ya riƙe katin makaranta da katin izinin zama a aljihu, don akwai wuraren da farashin ɗalibi dabam, na baƙo ɗan yawon buɗe ido dabam.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, wadda kuma ba za a gan ta a tallan kowane dutse ba, domin ba don mu aka rubuta tallan ba. Birnin Kano bai kai mita 500 daga doron teku ba, kan Dala ma mita 534 ne. Jos da muke jin sanyinta tana wajen mita 1,200, kuma dutse mafi tsawo a Nijeriya, Chappal Waddi da ke Taraba, mita 2,419 ne. Ƙofar Tekir, inda mota take sauke mutum a Erjiyes, tana wajen mita 2,200, na'urorin sama kuma suna kai mutum fiye da mita 3,300. A mita 3,000, iskar da ake shaƙa ta ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari idan aka gwada da ta bakin teku, kuma daga wajen mita 2,500 ne ciwon tsauni yake fara kama mutane: ciwon kai, tashin zuciya, jiri, haki ba tare da an yi aiki ba. Sanyi ma yana ƙaruwa da kimanin digiri 6 da rabi a kowace mita dubu da aka hau. Ga mai ƙoshin lafiya wannan abu ne mai sauƙin magani, ya sauko ƙasa, ya sha ruwa, ya huta.

Ga mai sikila kuwa lissafin ya canza gaba ɗaya. Nijeriya ce ƙasar da aka fi haihuwar masu wannan cuta a duniya, kuma babu ƙauyen da ba mu san gidan da take ba. Abubuwa huɗu da aka sani suna tayar da ciwon su ne sanyi, ƙarancin iskar shaƙa, ƙishirwa da aikin ƙarfi, kuma duk huɗun suna haɗuwa wuri guda a kan dutsen zamiya. Mai jinin SS ko SC bai kamata ya sa ƙafa a wannan tafiya ba sai likitansa ya yarda, kuma ni dai da za a tambaye ni, ko Uludag ban so masa ba, balle Erjiyes. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne mai AS, wanda a gida lafiyarsa ƙalau yana noma yana ƙwallo, shi ma a wurare masu tsayi sosai saifarsa tana iya samun matsala, alamarta kuma ciwo ne mai tsanani a gefen ciki na hagu, ƙarƙashin haƙarƙari. Ba kowa yake samu ba, amma wanda ya ji shi ya sauko nan take ya nufi asibiti, ya kuma faɗa wa likita rukunin jininsa da bakinsa, domin likitan Kayseri ba lallai ne hankalinsa ya kai can da wuri ba. Wani dattijo a garinmu, bayan na yi masa wannan bayani, ya ce da ni, “Malam, ai shi yaron ba ya ciwo, ƙanwarsa ce mai yi.” Na ce, “Baba, to wannan ne ma dalilin da za a ce ya je ya yi gwaji kafin ya hau.” A wannan ma'auni Uludag ya fi sauƙi ƙwarai, don gangaren koyonsa bai kai mita 2,000 ba. Wanda ya zaɓi Erjiyes kuma, ya kwana a Kayseri, ya tsaya a gangaren ƙasa, ya bar hawa sama don ɗaukar hoto.

Bayan an zaɓi dutse, akwai zaɓi na biyu da ya fi na farko tasiri a kan yadda yinin zai kasance, shi ne wa zai koya wa yaron. Hanya uku ce: ya biya mai koyarwa shi kaɗai, ko su haɗu su uku zuwa biyar su biya tare, ko ya dogara da aboki da ya taɓa zuwa bara. Ta ukun ita ce ta fi arha a baki, ita ce kuma ta fi tsada a asibiti. Aboki ya iya wa kansa ne kawai, bai san yadda ake koyar da tsayawa ba, kuma bayan rabin awa zai gaji da jira ya ce, “Taho mu hau sama, ai a hanya ake koya.” Mai koyarwa na gaskiya yakan fara ne da yadda ake faɗuwa ta gefe da yadda ake tashi, sannan yadda ake haɗa kawunan alluna a gaba a buɗe bayansu don rage gudu, sannan juyawa dama da hagu. Awa biyu da safe sun isa su sa yawancin matasa su iya sauko ɗan gangare su tsaya inda suka nufa. Haɗaka ta fi dacewa da aljihun ɗalibi, muddin dukkansu sababbi ne. Idan kuɗi bai kai ga darasi ba, to gara a fasa hayar alluna, a hau motar igiya, a yi hayar abin sulɓi na zaune da yara da manya ke hawa a filin da aka keɓe, a sha shayi a dawo da ƙafa biyu. Allo guda mai faɗi da ake ɗaure ƙafa biyu a kai, wanda samari ke sha'awa saboda ya fi kyau a hoto, ranar farko a kansa faɗuwa ce zalla, kuma wuyan hannu ne yake biya.

A ɗakin hayar kaya ne ake yin kuskuren da ba a gani sai daga baya. Takalmin zamiya na roba ne mai tauri, yana kaiwa tsakiyar ƙwauri, ana ɗaure shi da maɓallan ƙarfe, kuma yana tura gwiwa gaba ta yadda mutum ba ya iya miƙewa sosai. Safa hawa ɗaya ake sawa, doguwa, ba a cusa ƙafar wando a ciki, domin ko ɗan ƙullin zare ya shiga tsakanin ƙwauri da takalmi, kafin azahar ya zama ciwo. Yatsu su taɓa gaba kaɗan, dunduniya kuma kada ta ɗaga. Daga nan ma'aikaci zai tambayi nauyi da tsawo da ko mutum ya iya, ya ɗauki sukuddireba ya juya wani ƙarfe a jikin allon. Wannan ƙarfen ne yake sakin takalmi idan an faɗi, don kada allo ya murɗe gwiwa. Na ga wani yaro ɗan wajen Haɗeja da aka yi wa wannan tambaya a gaban abokansa, ya ji nauyin cewa bai iya ba, ya gyaɗa kai ya ce yana taɓawa. Aka ɗaure masa ƙarfen da ƙarfi irin na gwanaye. Da ya faɗi a gangare, allon ya ƙi sakin ƙafarsa, gwiwa ta juya, aka sauko da shi a kwance a kan abin ja, ya ƙarasa zangon karatun da sanda. A wannan wuri faɗin gaskiya yana da muhimmanci ƙwarai, kuma hular kwano ba abin da za a yi ciniki a kanta ba ne ko da an ce sai an ƙara kuɗi.

Hanyoyin zamiya a duwatsun biyu an yi musu alama da launi: kore ko shuɗi ga masu koyo, ja ga waɗanda suka iya, baƙi ga gwanaye. Sabo ba shi da hurumi a ja, balle baƙi. Ƙa'idar da kowa ke bi ita ce wanda yake gabanka a gangare shi ne da hanya, kai ne za ka kauce masa, ba a kuma tsayawa a ƙunci ko a bayan tudu inda mai saukowa ba ya hango mutum. Lambar gaggawa a Turkiyya 112 ce, kuma akwai jami'an ceto na jandarma, wato rundunar tsaron yankunan wajen gari, a manyan duwatsun. Inshorar tafiya ta gama-gari sau da yawa ba ta ɗaukar raunin wasan zamiya, don haka a karanta takardar kafin a tashi, tun da ba a fafe gora ranar tafiya.

Maganar tufafi gajera ce. Kada a sayi riga da wandon da ruwa ba ya ratsawa don yini ɗaya, ana hayarsu, kuma a cikin gari ko a gindin dutse sun fi arha a kan sama. Abin da za a saya shi ne safar hannu mai kauri da safar ƙafa. A sa kaya hawa uku marasa nauyi maimakon bargo guda, a kuma guji auduga a jikin fata, don tana shan gumi ta riƙe sanyi. Tabarau dole ne, domin sabuwar dusa tana mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari na hasken rana mai ƙuna, kuma baƙar fata ba ta kare ido. Ɗalibai mata ba su da matsala ta fuskar sutura, kayan suna rufe jiki ruf, sai dai a sa ƙaramin hijabi a ƙarƙashin hular kwano a cusa gefensa cikin riga, saboda mayafi mai lilo yana iya sarƙewa a na'ura. Ana kuma iya neman mace mai koyarwa tun kafin a iso.

Wasu iyaye sukan kawo maganar Dubai, da yake 'yan kasuwarmu sun san ta. Ski Dubai, da aka buɗe a 2005 cikin katafaren kantin Mall of the Emirates, ɗaki ne da aka sanyaya zuwa ƙasa da sifiri kaɗan, hanyarsa mafi tsawo mita 400 ce, tsayin tudunsa mita 85. A Alƙahira ma akwai irinsa, Ski Egypt, tun 2017, wanda ya fi kusa da ɗalibanmu na Masar. Amfaninsu shi ne babu matsalar tsayi, babu iska, babu hazo, ana kuma ba da yawancin kaya cikin kuɗin tikiti, ga shi ba a barin wanda bai iya ba ya hau babban gangare sai ya yi darasi. Don koyon tsayawa da juyawa sun wadatar, amma mutum ba zai ga dutse ba, kuma sanyin yana nan ga mai sikila. Dutsen Palandoken na Erzurum a Turkiyya, birnin da ya karɓi gasar hunturu ta ɗaliban jami'o'in duniya a 2011, yana dab da gari, amma garin kansa yana wajen mita 1,900 kuma sanyinsa ya yi suna a duk Turkiyya, don haka na bar shi ga waɗanda suke karatu a can, jikinsu ya saba.

Sallah tana bukatar shiri, domin yinin hunturu gajere ne. A tsakiyar Janairu rana ba ta fitowa a Bursa sai bayan takwas, azahar tana shiga bayan ɗaya, la'asar kafin huɗu. Cire takalmin zamiya da mayar da shi aiki ne, don haka dabara ita ce a haɗa hutun abinci da sallah a zama ɗaya, a wurin da akwai ruwan ɗumi, kuma a Turkiyya samun ɗakin sallah ba ya wahala. Wanda ya taso daga Istanbul matafiyi ne, tazararsa ta haura ta ƙasaru, amma ɗan Bursa ko ɗan Kayseri da ya hau dutsen garinsu ba haka yake ba. Hukuncin haɗa salloli da na shafa a kan safa, kowa ya tambayi malaminsa tun yana gida, kada ya bari sai yana tsaye cikin dusa. Kada kuma a ƙi shan ruwa don tsoron karyewar alwala, saboda busasshiyar iskar dutse tana zuƙe ruwan jiki ba tare da an ji ƙishirwa ba. Wannan ne ya sa ban ga dacewar yin tafiyar da azumi a baki ba. A 2025 azumi ya kama a farkon Maris, a 2026 a tsakiyar Fabrairu, kuma zai ci gaba da matsowa cikin Janairu, wato shekaru masu zuwa watan zai riƙa faɗowa a tsakiyar lokacin dusa, sai a tsara tafiyar kafinsa ko bayan sallah. A nan Erjiyes yana da fifiko, don tsayinsa yana sa dusarsa ta daɗe har cikin Afrilu, lokacin da ta Uludag ta fara narkewa.

Idan uba ya tambaye ni kai tsaye, amsata ta danganta da inda yaron yake da abin da yake nema. Ɗan Istanbul mai yini ɗaya tak ya je Uludag, amma ranar Talata ko Laraba, ba cikin hutun makarantu ba, bayan ya duba hasashen iska da daddare, kuma zai fi masa ya kwana a Bursa wajen 'yan'uwa ɗalibai ya kama motar igiya ta farko. Wanda yake son ya koya da gaske, yana da kwana biyu, ya kuma san rukunin jininsa, Erjiyes ya fi masa riba, kuma can na fi karkata, domin kuɗin da zai ƙare a layi da tsadar shayi a Uludag, a can darasi zai saya da shi. Duk inda aka je, awa ta ƙarshe ce ake jin tsoro: cinyoyi sun gaji, rana ta karkata, inuwa ta sa dusar ta daskare ta yi tsantsi, ga kowa yana rububin saukowa lokaci guda. Sabon shiga ya cire allunansa da ƙarfe uku da rabi, ya mayar da kayan haya kafin layi ya taru, ya kuma tabbatar da lokacin motar igiya ko motar haya ta ƙarshe tun da safe, ba da yamma ba. Agogon Turkiyya yana gaban namu da awa biyu, saboda haka idan an idar da azahar a masallacin ƙauye wajen biyu da rabi, can huɗu da rabi ta yi, kuma lokacin ne ya dace uba ya buga waya ya ji ko yaron ya sauko.